ƘWAYA ƊAYA A BAƘAR ƘWARYA

SHAFI NA 23

Daga alƙalamin Safi Alfari, ƴar Gaya

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku sarara min haka nan. Ke kuma da kika rubuto kina cewa Hajjo kakarki ce sak, ni ban san kakarki ba, Allah ya ji ƙanta in ta rasu. Labarin nan ƙirƙira ne, partin da ke ciki da mutanen da ke ciki duk daga kaina suka fito.

Sababbin shigowa, ku matso in taƙaita muku. Muna Gaya, shekara biyu da samun ƴancin kai. Shugabar matan parti ta ƙasa ta rasu, za a zaɓi wata a Yamai, kowane gari zai aika da muryarsa. Mata biyu ke nema: Madam Fatuma wadda manyan biro, wato ofishin parti, ke so, da Rakiya ungozoma wadda talakawa ke so a ɓoye. Mijin Zuwera, Labo mai jirgi, yau kwanansa goma sha ɗaya a tsare, wai ya tsallako da wasu mutane daga Dahome waɗanda gwamnati ba ta son ganinsu. Hajjo, uwar matan parti ta Gaya, ta yi wa Zuwera alkawari: in Gaya ta ba Madam Fatuma murya ba ragin ko ɗaya, yau takardar sakin Labo za ta samu hatimi.

An jefa. Yanzu ƙirga ake.

*

"Ashirin."

Mushe Halidu, sakataren da aka aiko daga Yamai, ya sake bin ƙwayoyin da ke farar ƙwarya, ƙwaryar Madam Fatuma, da bakin alƙalaminsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ashirin," ya maimaita. "Ku kuwa ashirin da ɗaya ne."



Ya miƙa hannu ya ɗaga faifan da ke kan baƙar ƙwarya, ƙwaryar Rakiya. Ƙwayar wuri guda ɗaya tana kwance a tsakiya, ita kaɗai.

Da wuri aka yi zaɓen, farin wurin nan da ake ciniki da shi a da can. Da farko an ce tsakuwa, Hajjo ta ce a'a, tsakuwa kowa na iya tsinta a ƙasa ta ƙara. Sai aka aro wurin Inna Kaltuma mai duba, don a duk Gaya ba wanda ya rage da irinsa. Tsohuwar da kanta ta bi layi tana sa wa kowace mace ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Ki shiga bayan zana ke kaɗai, ga farar ƙwarya ga baƙa, ki jefa ta hudar faifai ki fito. Kowa ya yaba, aka ce wannan shi ne sirri.

Hajjo ta leƙa baƙar ƙwaryar. Sabon zanen da ta ɗinka don tafiya Yamai sai ƙara yake saboda sitaci, ita kuwa fuskarta ta yi laushi kamar tsumma.

"Kuskure ne, Mushe. Wata ce ba ta ga launi da kyau ba."

"Da rana tsaka?"

"Akwai tsohi cikinmu."

"Bon." Ya rufe alƙalamin. "Ke kika rubuto wa biro cewa Gaya baki ɗaya ce. Ni da hannuna na kai takardar. Yanzu in koma in ce musu akwai ɗaya, ban san ko wace ce ba, a garin da ke bakin iyaka biyu?"

Ya juya ga gardin da ke bakin zaure.

"Sa sakata. Ba mai fita sai bayan azahar."

Zuwera tana zaune a ƙarshen tabarma. Ita dai ta san abin da ta yi. Farar ƙwarya ta jefa wa, ta jefa tana jin kunyar kanta, don Rakiya ce ta kwana biyu a kanta lokacin da haihuwar fari ta so ta tafi da ita. Amma Rakiya ba ta da hatimi. Idonta na kan takardar Labo da ke kife a gefen tebur, an danne ta da kwalbar tawada.

Wace ce ta yi mata wannan?

Ta fara bin fuskoki. Kowa ma abin da take yi ke nan. Matan ƙauyen Tunuga suna kallon na Karakara, na Karakara suna kallon na Zabori, na Zabori su biyu ne kacal, sai suka koma kallon juna. Wadda ta tashi shan ruwa, ido ya raka ta har randa. Wadda ta ƙi tashi, a ce me ya dasa ta. Wata baiwar Allah ta yi hamma ta rufe baki da sauri, kamar hammar ma shaida ce.

Jama'a, ni dai ban taɓa ganin abin da ke lalata zama irin zargi ba. Matan nan da safe goro ɗaya suka raba.

"Zuwera."

Inna Kaltuma ce, tana dogara sanda.

"Taho ki kama mini buta, ɗiyata. Ƙahwahuna sun ƙi."

Suka zagaya bayan rumbu. Tsohuwar ba ta karɓi butar ba. Ta tsaya tana kallon Zuwera da idanun nan nata masu hazo, har Zuwera ta tsargu.

"Inna, lahiya?"

"Mi ya kai ki?"

"Ina?"

"Mijinki na hannunsu. Mi ya kai ki baƙar ƙwarya?"

Butar ta kusa suɓuce mata.

"Inna, wallahi hwara na jehwa."

"Rage murya."

"Wa ya ce miki ni ce? Ba wanda ya gani, ni ɗai na shiga."

Tsohuwar ta yi wata ƴar dariya marar daɗi.

"Ɗiyata, shekara arba'in ina watsa wurin nan bisa tabarma. Daga hannun uwata na karɓe su. Ke in an haɗa awakinki da na maƙwabta, ba ki hidda naki?"

Zuwera ta zuba mata ido.

"Kin san su."

"Ɗaya-ɗaya. Kowane da huskarshi, kowane da sunanshi. Wanda ke cikin baƙar ƙwarya, mai tsaguwa ga baya ne, ja-ja kamar haƙorin mai cin goro. Gwauro uwata ka ce mishi, don kullum gehe shika hwaɗuwa shi ɗai." Ta nuna tafin hannun Zuwera da sandarta. "Nan na sa shi."

"Hajjo ta san kin san su?"

"Don mi kike zaton ta ƙi tsakuwa?"

Tsohuwar ta ƙara matsowa.

"Kwana ukku da sunka wuce ta taho gidana. Ta ce Inna, in an watsa su kina gane wanda kinka ba kowa? Na ce ina ganewa. Ta ce to ki riƙe ga ranki. Na zaci tsoratarwa ce, ban zaci za a kai ga tambaya ba."

"Ke nan sirrin duk ƙarya ne."

"Zana dai gaskiya ce, ta tsaya inda anka kahwa ta."

Zuwera ta jingina da rumbu. Tana ƙoƙarin tuna safiyar. Layi. Tsohuwa ta sa mata abu a hannu, ta dunƙule. Ƙawarta Balki na gefenta na dama kamar kullum. Sai...

Sai ta tuna.

Ku da kuka taso yanzu ba ku san ƙawance irin na da ba. Ba wai ku haɗu a biki ku karɓi lambar juna ba. Ɗaurawa ake yi, da goro, gaban manya, tun ana ƴan mata. Zuwera da Balki haka suka ɗaura, kuma tun ranar duk abin da aka ba su tare sai sun musanya. Goron suna, ɗankwalin salla, ko ƙosai aka miƙo musu, wannan ta ba waccan nata ta karɓi na waccan. Shekara goma sha shida suna yi. Hannu ya saba, ba ya ma neman izinin kai.

Da safen nan a layi, hannun Balki ya taɓo nata, nata ya buɗe. Ko kallon juna ba su yi ba.

Ta ɗago za ta yi magana, tsohuwar ta ɗaga sanda.

"Kada ki hwaɗa mini."

"Inna, ai..."

"Na ce kada ki hwaɗa mini. Wanda na ba Balki na gan shi cikin hwarar ƙwarya, iyakar sanina ke nan, ba ni son ƙari."

Muryarta ta karye a kan sunan. Balki ɗiyar ƙanenta ce, a ɗakinta ta girma tun uwarta ta rasu.

"In Mushe ya tambaye ni hannun da na sa, zan hwaɗi hannun da na sa. Ban taɓa yi ma wurin nan ƙarya ba. Na kira ki ne don kada ki ji shi daga sama."

Ta karɓi butarta da kanta ta wuce, kuma ƙafafun da suka ƙi ɗazu sun yarda yanzu.

*

Balki na zaune gindin mangwaro, ta miƙe ƙafa, cikinta wata bakwai ya turo zane gaba. Tana ganin Zuwera ta sunkuyar da kai.

Wannan sunkuyawar ta ishi Zuwera amsa.

"Ƙawa, raka ni makewayi."

Duk idanu suka bi su. Suka shige bayan katanga, Zuwera ta juyo.

"Dube ni."

Balki ta ɗago.

"Ke ce."

"Ni ce."

Zuwera ta zaci za ta musa. Ta ma shirya rantsuwar da za ta sa ta. Da abin ya zo a sauƙaƙe haka, sai ta rasa ta inda za ta fara.

"Da gangan kinka musanya?"

"Wallahi hannuna ne. Ke ma naki ya buɗe, na roƙe ki?"

"Kada ki juya mini magana."

"Ban juya ba. Ban tuna komi ba sai da na shiga bayan zana na buɗe hannu, na ga Gwauro."

"Kin gane shi."

"Ni ka wanke su da toka tun ina ƙarama."

"Ke nan kin san Inna na gane su."

"Na sani."

"Kin san nawa ne."

"Na sani."

"Kinka jehwa."



"Na jehwa."

Zuwera ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Ba fushi ba ne tukuna, fushi ya fi wannan sauƙi. Wannan matar ita ta wanke mata jego. Ita ke kai wa Labo fura gidan jandarma duk ranar da Zuwera ta kasa ɗaga ƙafa. In Balki na iya wannan, to wa ya rage a Gaya?

"Mi na yi miki?"

"Ba ki yi mini komi ba."

"Wa ya aiko ki? Mutanen Rakiya? Ko Hajjo ce ta ce ki ɗaura mini, don ta samu hanyar warware alkawali?"

"Ƙawa, ni?"

"Kada ki ce mini ƙawa yanzu."

Balki ta share fuska da bakin zane. Ta leƙa ta kan katanga, ta dawo da muryarta ƙasa sosai.

"Takardar da ke bisa tebur, kin ga cikinta?"

"Kin san ban iya karatu ba."

"Ni na gani. Da sahe, da na kai ma Mushe ruwa, iska ta ɗaga ta. Akwai sunan maigidanki. Ƙarƙashi akwai Doso."

"To?"

"Mutumin da za a saki ya koma gidanshi, mi ya haɗa takardarshi da sunan wani gari?"

Balki ta ci gaba.

"Kuma akwai hatimi. An riga an buga, har ya bushe."

"Hajjo ta ce sai bayan zaɓe za a buga."

"Abin da ta ce ke nan."

"Aji nawa kinka yi lakwal, Balki?"

"Ukku."

"Ukku. Da aji ukku, da iska guda, kinka ɗauki mijina kinka jehwa cikin ƙwarya."

"Na san Doso in na gan ta rubuce, tana jikin kowace mota."

"Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Ta ina? Tun sahe Hajjo na manne da ke, har ɗankwali ta gyara miki." Hawaye ya zubo mata. "Na shiga da niyyar hwara, Allah shaida. Na tsaya. Na ce sun riga sun gama da shi, suna wasa da ke, kuma mu dukanmu mu bi layi mu ba su murya kamar tumaki? Na ce ko ɗaya ce a samu. Na ga Gwauro, na ce ba za su kai ga tambaya ba. Hannuna ya riga ni."

"Hannunki na da aiki yau."

Balki ta kama mata gefen zane.

"In an tambaye ki, hwaɗi sunana. Ba ni jin haushi. Ki ce mun musanya, kowa ya san halinmu, za su yarda."

Zuwera ta kalli hannun, ta kalli cikin da ke gabanta. Wata bakwai. Ta hango ta a bayan kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Doso mai ramuka.

Sai wani tunani mai muni ya zo mata. Ko wannan ma lissafi ne? Ko ta san ba zan iya ba, shi ya sa take miƙo wuya? Ko takardar ma ba ta gani ba, yanzu ta ƙaga? Ta dubi fuskar da ta sani tun ba su fara ɗaura zane ba, ta nemi ƙarya ta rasa, ta nemi gaskiya ita ma ta rasa.

Ta zame zanenta ta fita.

*

Bayan azahar aka sake shimfiɗa tabarmi. Mushe Halidu ya zauna bayan tebur, ya ajiye ƙwayar wurin a kan farar takarda, inda kowa zai gani. Hajjo na tsaye a gefensa, ta dawo da ƙarfinta, har da sabon goro a baki.

"Ƴan uwana mata," ta fara, "parti uwa ce. Uwa ba ta ƙin ɗanta. Wadda ta yi kuskure ta tashi da kanta, mu roƙa mata."

Ba wadda ta motsa.

"Na ba ku dama hwa."

Aka buga ƙofar zaure. Gardi ya zare sakata, wani direban kamiyo ya leƙo da hula a hannu, gumi na bin wuyansa.

"Mushe, an ɗora mutumin. Rana na yi, gadar can ba ta da kyau in..."

"Fita," in ji Mushe Halidu, ba tare da ya dube shi ba.

Direban ya fita. Sakata ta koma.

Mutumin. Wane mutum? Buhu ake ɗorawa a mota, ko rago. Zuwera ta kalli Hajjo. Hajjo na kallon mangwaro kamar yau ta fara ganin itacen.

"Tsohuwa," Mushe ya ce, "matso."

Inna Kaltuma ta matso.

"An ce kin san kayanki."

Wani gunaguni ya tashi daga tabarmi. Sai yanzu sauran matan suka gane abin da aka yi musu. Wata ƴar Tunuga ta dafe ƙirji, duk da fara ta jefa. Kowace ta shiga tuna yadda tata ƙwayar take, kamar hakan zai amfana mata wani abu.

"Na san su."

"Wannan, hannun wa kika sa?"

Tsohuwar ta ɗauka, ta juya bayansa, ta shafa tsaguwar da babban yatsa. Ta daɗe fiye da yadda take bukata.

"Hannun Zuwera, matar Labo."

Matar da ke kusa da Zuwera ta janye gwiwarta. Kaɗan ta janye, amma Zuwera ta ji.

Hajjo ta tafa hannu a hankali, tana girgiza kai.

"Ke? Ke da na ɗauki maganarki bisa kaina, na je gidan kumandan mai mulkin gari sau ukku? Ashe gidan duk ɗaya ne, miji na tsallako da su, mata na jehwa musu."

"Tashi," in ji Mushe.

Zuwera ta tashi.

"Ke kika jefa?"

"Mushe, in roƙi abu guda?"

"Amsa nake jira."

"Takardar can da kwalba ta danne. A karanta mini ita."

Ya ɗan ɗaga gira. Kafin ya yi magana Hajjo ta ɗora tafin hannunta a kan takardar.

"Takardar gwamnati ce za a karanta miki? Da wane matsayi?"

"Ta maigidana ce. Ke kinka ce."

"Da ce. Yanzu kin ɓata."

"To a juya ta kawai in ga hatimi. Ban iya karatu ba, amma na san hatimi."

Hannun Hajjo bai ɗaga ba. Ya ma ƙara dannewa, har kwalbar tawadar ta yi rawa.

Zuwera ta kalli hannun nan, mai zobba uku, ta ji wani abu ya kwanta a ranta. Kwana goma sha ɗaya tana durƙusa wa wannan hannun. Ta share mata tsakar gida, ta kawo mata kifin da ya fi kowane girma a kwandonta, ta ƙi gaida Rakiya a kasuwa don kada a gani.

"Ba ni na jehwa ba," ta ce.

"Tsohuwa ƙarya ta yi ke nan?"

"Inna ba ta ƙarya. Hannuna ta sa shi. Amma bai shiga bayan zana da ni ba, musanyawa munka yi a layi."

Mushe Halidu ya buɗe alƙalaminsa.

"Da wa?"

Ba ta juya ba, amma tana jin numfashin Balki a bayanta, gajere-gajere. Tana ganin Inna Kaltuma ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Rabin matan da ke zaune sun riga sun san amsar, don ba wadda ba ta taɓa ganin su biyun suna musayar goro ba. Suna ɗaya za ta faɗa. Ƙila ya sauko da Labo daga motar, ƙila kuma ya ƙara masa abokiyar tafiya kawai.

"Ina jin ki. Da wa?"

"Da Uwar mata."

Alƙalamin ya tsaya.

"Da wa?"

"Da Hajjo. Lokacin da ta matso tana gyara mini ɗankwali, kowa ya gani. Ta ce Zuwera ba ni naki, nawa ya yi ƙanƙanta, ina tsoron ya suɓuce. Na ba ta. Nata na jehwa cikin hwara."

Allah na tuba, ƙarya ce tsagwaronta. Amma ku duba min yadda ta zauna. Ƙwayar Hajjo tana cikin farar ƙwarya, to haka za ta kasance ko an musanya ko ba a musanya ba. Tsohuwa hannun da ta sa kaɗai ta sani. Tarkon da Hajjo ta ɗana ba ya bambanta ƙafa.

Goron da ke bakin Hajjo ya faɗo a kan sabon zane.

"Ƙarya take. Mushe, ƙarya take yi."

"Kin gyara mata ɗankwali?"

"Na gyara, amma..."

"Tsohuwa, kina iya cewa ba su musanya ba?"

Inna Kaltuma ta buɗe ido. Ta kalli Zuwera, ta kalli ƙasa.

"Na sa, na wuce gaba. Ba ni da ido ga ƙeya."

Mushe Halidu ya juya kujerarsa a hankali har ya fuskanci Hajjo. Tun da ya sauka Gaya bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba. Mutumin Yamai ne, a can an koya masa cewa wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ake fara bincika.

"Ke kika ƙi tsakuwa," ya ce. "Ke kika zaɓi wuri. Ke kaɗai kika san ana gane su. In mutum na son ya jefa wa Rakiya a ɗora wa wani, haka zai shirya."

"Ni? Ni Hajjo?"

"Kuma an ce Rakiya ta taɓa sauka gidanki."

"Shekara biyar ke nan, haihuwar ɗiyata ce."

"Bon. Za ki yi bayani a biro."

Nan Hajjo ta rikice. Ta dubi matan, ba wadda ta ɗago. Ta dubi gardi, gardi na kallon sakata. Ta dafe tebur da hannu biyu, muryarta ta haura har tsuntsayen mangwaro suka watse.

"Ni za a zarga? Wa ya yi ma parti abin da na yi? Ku tambayi kumandan wa ya kai mishi labarin jirgin. Wa ya tsaya bakin gulbi ya ƙirga mutanen? Ni na ba ku Labo da bakina, ni, sannan a ce..."

Ta tsaya.

Ta ji abin da ta faɗa bayan kowa ya riga ya ji.

Wata daga matan Karakara ta ce "La'ilaha" a ƙasan maƙoshi. Matar da ta janye gwiwa ɗazu ta maido ta inda take.

Zuwera ba ta yi kuka ba. Ta tako har gaban tebur. Hannun Hajjo ya riga ya bar takardar, sai ta kawar da kwalbar ta juya ta.

Hatimi shuɗi, zagayayye, busasshe.

Ta sa yatsa ta shafa. Ko ɗigo bai kama ta ba.

"Mushe," ta ce, "wa ke cikin kamiyon?"

Ya zare takardar daga ƙarƙashin yatsanta, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba.

A waje inji ya yi tari sau biyu, ya kama.

Zuwera ta juya ta nufi zaure da gudu, ɗankwalinta ya faɗi ba ta tsaya ba. Ta bayan katanga, cikin ƙarar motar, wata murya da ta dishe, muryar Labo, tana kiran sunanta.

"Gardi," in ji Mushe Halidu, yana rufe alƙalami. "Kada ka buɗe."